Takin Birni, Dawar Ƙauye

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, domin in sa baki cikin wata gardama wadda ta daɗe tana kai da kawowa a zauruka da ofisoshi, har takan ɓata zumunci tsakanin wa da ƙane.

Gardamar ita ce: mu mutanen ƙasar Hausa, mene ne namu na kanmu, mene ne kuma muka aro daga manyan al'ummai na duniya? Jama'a sun kasu biyu. Kashi na fari suna cewa duk abin da ya shigo daga waje ɓarna ne, sai mu toshe ƙofa mu koma yadda kakanninmu suke. Kashi na biyu kuwa, yawancinsu samari 'yan boko, suna cewa ba mu da kome sai abin da Larabawa da Turawa suka kawo mana, in kowa ya kwashe nasa, sai a bar mu da fartanya da ƙoƙon fura. Ni dai a ganina dukansu sun manta da abu guda, shi ne aiki. Abin da ya fito daga wata babbar al'umma yana zama namu gwargwadon gumin da muka zuba a kansa. Wanda muka iya sarrafa shi, mu gyara shi in ya lalace, mu raɗa masa suna, mu koya wa 'ya'yanmu, wannan ya zama gado. Wanda muka saya kawai muka rataya, wannan aro ne, kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Ba sai na je nesa neman misali ba, gama yana nan cikin gonakinmu na Gezawa. Tun zamanin kakanni, in rani ya yi, jakuna kan shiga birnin Kano da itace da kara, su komo da mangaloli cike da taki, watau toka da shara da kashin dabbobi. Yau amalanke da motoci sun karɓi yawancin aikin, amma takin bai daina fitowa ba. Manomi ya zuba shi tsibi-tsibi, ya baza, ya yi shuka, ya yi noman firi da maimai. In kaka ta yi ya cika rumbu, wa zai zo ya ce masa dawar nan ta birni ce? Tasa ce, domin shi ya sha wahalarta. Wanda kuwa ya sayo takin ya bar shi jibge a bakin gona, juji kawai ya tara wa kansa. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, ya yi shekaru yana nazarin gonakin da ke kewaye da Kano tun daga shekarun 1960, har shi da abokin aikinsa William Adams suka sa Tumbau, ƙauyen nan namu, cikin ƙauyuka huɗu da suka rubuta littafi a kansu a 1999. Abin da suka bayyana wa duniya shi ne, ga ƙasa ana noma ta kowace shekara ba hutu, ga jama'a cinkus, amma ba ta mutu ba, saboda harawa tana zuwa ga tumaki da awaki, takinsu yana komawa gona, gawo kuma yana zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana. To, yadda manomi ke yi da taki, haka kakanninmu suka yi da ilmin manyan al'ummai.

ABIN DA BAƘI SUKA TARAR

Da fari dai mu sani, baƙi ba su tarar da fako ba. Gero ɗan gida ne, masu tonon kufai sun sami alamunsa a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali, waɗanda suka wuce shekara 4,000. Dawa ma 'yar Afirka ce. A gindin Dutsen Dala an sami alamun narkar da tama tun wajen ƙarni na 7, watau akwai maƙera a Kano tun kafin sarkinta na fari. Kundin Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya soma ganuwa. Mutanen da suka iya haɗa hannu su kewaye gari da ganuwa, ai ba a ce da su marasa tsari.

Sa'an nan baƙi suka soma isowa. Kundin nan ya ce a zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385, Wangarawa wajen 40 suka zo daga Mali da addinin Musulunci, shugabansu Abdurrahman Zaite. Duk mai bin ƙauyukanmu ya san muna da gari mai suna Wangara, muna kuma da Zango, sunayen kaɗai sun isa su tuna mana cewa ƙasar nan hanyar fatake da malamai ce. A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, aka gina gidan sarauta wanda har yau ake kira Gidan Rumfa, aka kafa kasuwar Kurmi, aka soma busa kakaki, Shehu Magili kuma, mutumin Tilimsan, ya sauka Kano ya rubuta wa sarki littafi a kan abin da ya wajaba ga mai mulki. Ku dubi littattafan da ke zauren malaminku. Mai Risala mutumin Ƙairawan ne ta ƙasar Tunis, ya rasu a 996. Mai Ashafa mutumin Sabta ne, a bakin tekun Magrib. Mai Ishiriniya daga Andalus ya fito. Ita kanta takardar da aka kwafe su a kai, mutanen Sin suka ƙago ta, ta biyo ta Bagadaza. Wadda malamanmu na ƙarni na 19 suka fi rubutu a kai, mai alamar jinjirin wata uku, a arewacin Italiya ake yin ta, ta ƙetaro Sahara bisa raƙuma.

Yanzu ga wurin da aikin ya shigo. Malamanmu suka ɗauki baƙaƙen Larabci suka raɗa musu sunayen Hausa, domin yaro ɗan shekara biyar ya riƙe: ba guje, ha kuri, lam jaye, nun ara. Da suka ga Larabci ba shi da harafin da zai faɗi tsamiya ko tsuntsu, suka ƙara ɗigo bisa wani harafi ya ɗauki wannan aiki. Da haka ajami ya samu, aka rubuta wasiƙu da waƙoƙi da lissafin fatauci. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da jama'arsa, waɗanda suka soma jihadi a 1804, sun iya Larabci sarai, duk da haka da waƙoƙin Fulatanci da Hausa suka yi wa talakawa wa'azi. 'Yarsa Nana Asma'u kuma ta naɗa mata shugabanni da ake kira jaji, suna kai karatu ga matan ƙauyuka. Ku lura da ƙidayarmu ma. Daga ɗaya zuwa goma namu ne na asali. Daga ashirin zuwa casa'in na Larabci ne. Miliyan ta Turawa ce. Amma in tsohuwa mai ƙuli-ƙuli a kasuwar Gezawa ta ce ashirin da biyar, ta ɗaure Larabci da Hausa da igiya ɗaya, ba kuwa wanda zai ce ba Hausa ta yi ba. Haka ranakun mako daga Lahadi zuwa Asabar, haka allo da alƙalami, haka albasa da alkama.

Daga gabas kuma ga daular Barno. Galadima da Ciroma da Yarima da Kacalla duk sarautun Barebari ne. Kundin Tarihin Kano ya ba da labarin wani ɗan sarki da ya zo daga Barno zamanin Sarki Dauda, 1421 zuwa 1438, da tambura da tutoci, ana ce masa Dagaci, sunan da yau muke kiran mai riƙon ƙauye da shi. Wani masanin harsuna, Joseph Greenberg, ya nuna a 1960 cewa karatu da rubutu da kasuwa ta bakin Barebari suka shigo mana. Goro fa? Itacen goro ba ya yi a ƙasar Kano, daga Gwanja fatake suka riƙa ɗauko shi, tafiyar watanni. Amma yau a ɗaura aure ko a raɗa suna ba goro, sai a ce ba a cika al'ada ba. Masara sunan Masar ta ɗauko, alhali asalinta daga nahiyar Amurka ne, ita da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono. Mai cewa mu kori duk baƙon abu, ya soma da tukunyar miyar gidansa, ya ga abin da zai rage.

ZUWAN TURAWA

Kada kowa ya ɗauka ina cewa manyan al'ummai da alheri kaɗai suke zuwa. Sau da yawa da takobi suke zuwa, ko da igwa. A watan Fabrairu na 1903 sojan Ingila suka ci Kano, aka kama Sarki Alu aka kai shi Lakwaja inda ya rasu a 1926, Sarkin Musulmi Attahiru kuma ya faɗi a Burmi cikin shekarar nan ta 1903 tare da jama'a masu yawa. Kafin Turawa ma, hanyar Sahara da ta kawo littattafai ita ce ta fita da bayi. Su kuma 'yan'uwanmu da suka tsaya kan al'adar kakanni aka laƙaba musu Maguzawa, sunan da masana da yawa ke cewa daga Majusawa na ƙasar Farisa aka aro shi, mutanen da ba su taɓa gani ba. Watau babbar al'umma takan ba ka har sunan da za a riƙa kiranka da shi. Wannan duka gaskiya ne. Amma ko a ƙarƙashin mai ƙarfi, talaka yana da abin da yake zaɓa.

Ga shaida. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Abin da Turawa suka sa rai shi ne auduga, domin masaƙun Lankasha ta ƙasar Ingila. Manoman Kano suka auna, suka ga audugarsu masaƙan gida suna saye da daraja, gyaɗa kuwa tana shiga tsakanin gero da dawa, tana gyara ƙasa, harawarta abincin dabbobi ce, in kuma shekara ta ƙi ana iya cinta. Sai suka zaɓi gyaɗa. Fatake irin su Alhaji Alhassan Ɗantata, waɗanda suka gogu da cinikin goro, suka juya suka shiga sayenta. Da aka miƙa hanyar jirgi zuwa Nguru a 1930, ta bi ta Jogana, cikin ƙasarmu. Buhunan da aka jera a Kano har suka yi tsororuwa, sunan dutsenmu muka ba su, muka ce dalar gyaɗa. Fari na 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 da zuwan kuɗin man fetur sun kwashe dalar, amma ba su kwashe man gyaɗa da ƙuli-ƙuli daga hannun matanmu ba, gama wannan sana'a ta riga ta zama tasu.

Sai batun boko, wanda ni kaina a makarantar mishan na koye shi, da shi kuma nake cin abinci. Mutane da yawa suna zaton kalmar daga sunan littafi na Turanci ta fito. Masanin Hausa Paul Newman ya nuna a 2013 cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin da ba na ainihi ba, kamar yadda ake cewa amaryar boko. Watau kakanninmu da suka ga irin makarantar da Ɗan Hausa, Hanns Vischer, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, sunan raini suka raɗa wa karatunta. Amma ga abin mamaki. Baƙaƙen boko daga Rumawa suka zo, na Rumawa asalinsu na Yunanawa ne, Yunanawa kuwa daga Finikiyawa na bakin Bahar Rum suka koya. Baƙaƙen Larabci kuma, ta wurin Nabatawa da Aramiyawa, su ma ga Finikiyawan nan suke komawa. Alif da A jikokin kaka ɗaya ne, haka ba da B. Malamin zaure da malamin makaranta da ke hararar juna, ashe 'yan gida ɗaya suke riƙe da su a hannu. Alƙaluman lissafi kuwa, na allo da na ofis, dukansu daga ƙasar Hindu suka taso.

Boko ma sai da aka yi masa aiki kafin ya zauna. Ba shi da harafin da zai raba baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, sai cikin shekarun 1930 aka sa wa b da d da k ƙugiya, suka zama ɓ da ɗ da ƙ. Malam Abubakar Imam ya ɗebo labaru daga Alfu Laila da ƙasar Hindu da ƙasar Jamus, ya zuba su cikin Magana Jari Ce, wanda ya soma fitowa a 1937, ya sa musu rawani da babbar riga, har yaro ya karanta ya rantse a ƙauyensu abin ya faru. Littafi Mai Tsarki da ya fito cikakke da Hausa a 1932, masu fassara shi da Allah da mala'ika da annabi da addu'a da Almasihu suka yi aiki, kalmomin da malaman zaure suka riga suka dasa cikin harshen. Saboda haka Bahaushe Kirista da Bahaushe Musulmi da kalmomi guda suke roƙon Ubangiji. Ko sunan sana'ata, akawu, daga Yarbawa muka karɓe shi, tare da agogo da ashana da keke, domin ta Ikko kayan zamani suka hauro.

IYAKA DA ƘASA

Wanda yake so ya ga yadda manyan dauloli ke sassaƙa al'umma, ya tafi Katsina, ya wuce Jibiya, ya shiga Maraɗi. Sarakunan Maraɗi zuriyar sarakunan Katsina na dauri ne, waɗanda suka ƙaura arewa bayan jihadi. Tsakanin 1898 da 1908 Ingila da Faransa suka ja layi, suka kafa turaku tsakanin 'yan'uwa. Yau ɗan wannan gefe yana zuwa makaranta wurin tica, ɗan wancan gefe yana zuwa lakwal wurin mushe, wannan yana lissafi da naira, wancan da sefa. Amma in an zauna biki, tuwo ɗaya ne, kirari ɗaya, habaici ɗaya. A 2025 gwamnatin Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki.

Ita ma Nijeriya haka aka gina ta. Sunan, wata Baturiya 'yar jarida, Flora Shaw, ta ba da shi a 1897. Gwamna Lugga ya haɗa Arewa da Kudu a 1914. Dokar laifuffuka ta Arewa, wadda ta soma aiki a 1960, an tsara ta bisa ta Sudan, ta Sudan kuwa bisa ta ƙasar Hindu ta 1860. Da aka bar fam da sule a 1973, kwabo ya bi mu cikin sabon kuɗi, shi kuwa asalinsa sunan jan ƙarfe ne da Turanci. Duk da haka, tun daga ran 1 ga Oktoba 1960 gonar tamu ce, mu za mu yi mata noma. Ku dubi hawan salla. Lifidi da kwalkwali da sulke, kundin tarihi ya ce zamanin Sarki Kanajeji, 1390 zuwa 1410, suka shigo. Kakaki na zamanin Rumfa ne. Hawan Nasarawa kuwa zamanin Turawa aka soma shi, sa'ad da sarki kan je gaida Razdan, bayan mulkin kai ya koma gaida Gwamna. Kowane yanki nasa daga wani wuri ya zo, amma haɗin namu ne, shi ne kuma hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun da duniya ta gada a 2024.

Mu kuma ba karɓa kaɗai muka yi ba. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya ce sunansa Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a ƙasar nan suna kaiwa Tambutu da Murzuk da Tarabulus. Turkuɗin Kura shi ne rawanin Buzaye. Fatar jar akuya da majemanmu suka jeme takan bi ta Magrib ta shiga Turai, can a kira ta fatar Maroko. Saƙar nan kuwa yawancinta a ƙauyuka ake yin ta, irin namu. Da rani manomi ya ajiye fartanya ya zauna ga masaƙa, mata suna kaɗi. Maƙwabtanmu na Minjibir sun yi suna da ita.

ABIN DA KE GABANMU

To, yanzu mu zo ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Manyan al'ummai ba su daina zuwa ba, sai dai yau ba su bukatar raƙumi ko jirgin ƙasa, cikin aljihu suke shigowa, ta wayar hannu. Finafinan Indiya sun shigo sinimomin Kano tun shekarun 1950. Samarinmu suka kalla, suka koya, har a 1990 aka yi Turmin Danya, daga nan sana'ar fim ta Hausa ta kafu tana ci da dubban mutane. Kowa na iya faɗin ra'ayinsa a kan kyanta ko muninta, amma an yi aiki, taki ya shiga gona. Ku gwada wannan da tufafi. Atamfa asalinta zanen mutanen tsibirin Jawa ne, 'yan Holan suka kwaikwaya da inji suka kawo Afirka, daga baya masaƙun Kano da Kaduna suka iya buga ta, suka ɗauki dubban ma'aikata. Yau yawancin masaƙun nan sun rufe, Kantin Kwari ya cika da kayan ƙasar Sin, a marinar Ƙofar Mata ramuka kaɗan suka rage da baba a ciki. Jikokin mutanen da suka tufatar da Sahara sun koma masu jiran kwantena. Wannan shi ne takin da aka jibge a bakin gona.

Haka rubutu. A 2007 aka cire ajami daga ƙananan takardun naira, aka yi ta cacar baki. Amma abin da ya fi wannan ciwo shi ne, a gidaje da yawa na ƙasarmu akwai gafaka ko adaka cike da takardun kakanni, wasiƙu da shaidar gona da rabon gado da waƙoƙi, gara tana ci, jikan da ya gama jami'a kuwa ba ya iya karanta layi ɗaya. Ran da rigimar iyakar gona ta tashi, ga hujja a hannu, ba mai karantawa. Bokon ma da muka koma gare shi, mun soma zubar da ƙugiyoyinsa cikin saƙon waya, alhali suna nan cikin wayar in mutum ya shiga ya zaɓi Hausa. Akawu ya rubuta wa dagaci cewa baki sun zo, ko a kafa kafa, sai mai karatu ya yi ta canka. Akwai kuma iyayen da ke hana 'ya'yansu Hausa a gida domin Turanci ya zauna. Yaron ya tashi ba ya iya gaida kakarsa yadda ya kamata, Turancin kuma bai kai ya rubuta takardar neman aiki ba. An tashi ba tsuntsu ba tarko.

Saboda haka ina da roƙo. Malaman zaure, Allah ya gafarta muku, ku koya wa almajirai rubuta Hausa da ajami yadda kuke koya musu karanta allo. Ku kuma yarda a ɗauki hoton tsofaffin takardunku, a ajiye kwafi a Gidan Ɗan Hausa a Kano, ko Jami'ar Bayero, ko Gidan Arewa a Kaduna, asalin ya zauna hannunku. Malaman makaranta, in kuna koyar da tarihin Masar da Rum da Sin, ku kai yara bakin kasuwa ku nuna musu inda duniya take cikin tiren mai goro da buhun masara. Ku aike su wurin dattawan Wangara da Tumbau da Jogana, su rubuto yadda aka kafa garuruwansu tun masu labarin suna da rai. 'Yan'uwana akawuna, takardar da ta fita daga teburinmu ita jama'a ke kwaikwayo. Mu sa kowace ƙugiya a wurinta, in kuma sabon abu ya zo ofis, mu nema masa sunan da mai unguwa zai gane. Samarin da ke buɗe cikin waya suna gyara ta a kasuwannin Kano kuwa, su ne magadan maƙeran Dala, ya kamata hukuma da attajirai su taimake su, su wuce gyara su kai ga ƙira.

Masu cewa a toshe ƙofa, ku tuna ganuwar Kano ma da ƙofofi aka gina ta, kowace da sarkin ƙofa mai duba abin da ke shiga. Masu cewa ba mu da kome, ku nemi Tarihin Kano ku karanta, ku zauna da dattawan unguwarku dare ɗaya, sa'an nan ku yanke hukunci.

A wasiƙa ta gaba, in Allah ya kai mu, zan yi magana a kan sunayen garuruwan ƙasar Gezawa da abin da suke faɗa mana. Wanda yake da abin da zai ƙara, ko yana ganin ba haka ba ne, ya rubuto wa Edita mu ƙaru da juna. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu bar wa 'ya'yanmu gado mai amfani, amin.

Wassalam.

Naka,
Akawu,
Gezawa.